Bappa Mai Fenti da Layin Dogo

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Allah ya karɓi abinsa: Bappa, wan mahaifin maigidana, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, wanda mutanen Gombe suka sani da Malam Mai Fenti. Ya cika da hantsi a ɗakinsa na Jekadafari bayan 'yar jinya. Masu wanka sun ce akwai ɗigon koren fenti a kunnensa na dama, sun goge sun goge ya ƙi fita. Da shi aka kai shi.

Hannuna bai saba da alƙalami ba, mai karatu ya yi mini haƙuri. Ɗan da ke goye a bayana ne ya sa na zauna rubutu. Zai tashi ya ji ana Bappa, Bappa, bai san ko wane ne ba, ni kuwa abin ya hana ni sukuni.

Ranar sadakar uku muna cikin gida muna fama da tukwane sai muka ji ƙasa tana rawa. Yara suka shigo a guje suna cewa an kawo zanen Bappa. Na goge tabarauna da bakin mayafi na leƙa ta zaure. Direbobin unguwar Bolari ne suka zo da manyan motocinsu, ba su shawarci kowa ba. Suka jera su tun daga ƙofar gidanmu har masallaci, kowace ta juyo mana baya, don a bayan ne aikinsa yake. Ga ɗawisu, ga mikiya ta suri maciji, ga kogi da kwalekwale, ga jirgin sama yana ratsa jan gajimare. Sai ka ga mai ta'aziyya ya taho fuska a murtuke, ya tsaya kallo, ya manta abin da ya kawo shi.

Wani dattijon direba mai ɗauko auduga daga Kumo ya durƙusa gaban maza ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ni fa zaki na ce ya zana mini. Zaki, irin na Allah. Na dawo na tarar da zaki shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Na ce, Malam, a ina ka taɓa ganin zaki shuɗi? Ya ce, kai a ina ka taɓa ganin zaki? Na ce ban taɓa ba. Ya ce, to rufe mini baki."

Zaure ya ɗauki dariya. Direban ya ci gaba, "Wai akwai wasu Turawa da suka ce launi ba na fata ba ne, na zuciya ne, shi kuma ya leƙa zuciyata ya ga sanyi gare ta. Yau daga nan har Jos ba mai kirana da sunan da ubana ya raɗa mini, sai Mai Shuɗin Zaki." Yana faɗin haka ya ja hularsa ya rufe fuska.

Goggo, matar Bappa, tana ɗaki cikin takaba ta jiyo hayaniyar. Ta ce, "A gidan mutuwa ake ƙyaƙyata dariya? Me aka ce?" Da aka maimaita mata sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ba mu san ko kuka take ko dariya ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Ni kam ba zan ce na san shi yadda suka san shi ba. Suruka ce ni. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa zama kusa da shi ba. In zan gaishe shi daga bakin madafa nake durƙusawa, shi yana can gindin darbejiya a ɗaya ƙarshen tsakar gida. Abin da na sani nasa shi ne murya, da warin fenti da kananzir, da wani farin abu dogo da ke wucewa da keke. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. Randa yake yi wa. Akwai wata tsohuwar randa kusa da tabarmarsa, sai ya juya gare ta ya ce, "Ke randa, in kin ga mai girkin yau ki gaya mata miyar nan ta yi." Ni kuma in ce wa Goggo, "A ce wa randa na gode."

Tarihinsa daga bakin Goggo na tsinta. Yana yaro a makarantar midil ya zana hedimasta a bayan allo, hanci har ƙirji. Ana shirin zane shi da bulala sai ga Bature mai duba makarantu, ya kalli hancin, ya kalli hedimasta, ya kasa riƙe dariya. Shi ya ba shi katunan hotunan zane na ƙasashen Turai, shi ya sa aka tura shi Zariya koyon zane. Ya dawo ya koyar da zane a kwalejin horon malamai. Goggo ta ce lokacin da aka samu 'yancin kai sai da ya ƙarar da koren fentin garin nan kaf wajen zana tuta. Da ya yi ritaya, daidai lokacin da kuɗin mai ya shigo kowa ya sayi mota, sai ya kwashi burushinsa ya koma Bolari cikin makanikai. Abokan aikinsa suka ce ya zubar da girma. Ya ce, "A Turai sai ka yanki tikiti ka shiga wani gida kafin ka ga zane. Nawa shi zai zo ya same ka a hanya, har ya yi maka oda."

Katunan nan suna cikin wani gwangwanin biskit. Bayan la'asar sai ya buɗe shi a gindin darbejiya, yaran gida da na maƙwabta su kewaye shi. Ni ina madafa, kunne ya ishe ni.

Yakan ce, "Labarin zanen Turawa labarin 'ya'ya ne marasa jin magana. Kowane ɗa ya tashi sai ya ce ubansa bai iya kallo ba."

Sunayensu na Turanci ba su zauna a kaina ba, shi ma bai damu da su ba, nasa ya raɗa musu. Na farko, masu zane a coci, ya ce musu maroƙa: wanda ya fi daraja shi ake zanawa ƙato ko da yana can nesa, talaka kuwa ɗan mitsitsi ko da yana gabanka, a zuba ruwan zinariya a baya. Sai wasu 'yan Italiya suka ce a'a, ido bai san sarki ba. Na kusa babba, na nesa ƙarami, hanya kuma in ta yi nisa sai gefunanta biyu su haɗe wuri guda. Waɗannan yana ce musu masu awo, in zai ambace su har gyara zama yake. Bayansu masu fitila ɗaya, su duhunta hoto duka su bar haske a gefen fuska ko a kan hannu. Sai masu hadari, waɗanda ba sa jin daɗi sai jirgin ruwa yana nutsewa. Sai wasu suka ce sun gaji da sarakuna, suka koma zana manoma da mata masu wanki, da kaushin ƙafarsu da komai. Su ne masu gaskiya.

"Sai aka ƙago kyamara," in ji Bappa, ya tafa hannu. "To fa! Akwati ya ƙwace musu sana'a. Me za su yi? Sai suka fita waje suka ce, mu ba itace za mu zana ba, hasken da ya faɗa kan itace za mu zana."

Waɗannan masu haske su ne 'yan lelensa. In ka duba hotonsu kurkusa sai ka rantse miya aka zubar, ɗigo-ɗigo, ba kai ba gindi. Sai ya riƙe katin ya ce wa yaro, "Ja da baya. Ƙara. Ƙara." Yaro ya yi ta ja har ya ci karo da akuya, sannan ya yi ihu, "Kogi ne! Ga kwalekwale!" Wata rana Goggo ta kawo mini katin guda madafa. Na duba na ga itatuwa dishi-dishi, mutane ba ido ba baki. Na ce a raina, to ai haka duniya take in ka hango ta, mene ne abin surutu? Na mayar mata.

Sunayen nan har cikin tukunyarmu suka shigo. In Goggo ta tashi da faɗa sai ya leƙo ya ce, "Yau masu hadari ne a gidan nan, kowa ya riƙe kwalekwalensa." In ta ba da labarin mafarkinta, wai ta ga kifi yana tuƙa keke a kasuwa, sai ya ce, "Da a Turai kike da kin yi suna, akwai masu zana mafarki, abin da suke nema ke nan." Ranar da tuwona ya yi gudaji kuwa, randa ta sha labari: "Ke randa, yau masu fasa ƙwarya ne suka yi girki." Su ne waɗanda ke farfasa fuskar mutum kamar ƙwarya su ɗinke ta yadda suka ga dama, hanci ta gefe, idanu ta gaba. Yakan ce daga sassaƙen da aka kwasa a Afirka suka koyo, kuma in ya zo nan sai ya buga ƙirji kamar shi ya sassaƙa.

Rigimarsa da liman kowa a unguwa ya san ta. Abokai ne tun suna samari. Wata Juma'a liman ya yi wa'azi a kan zana abu mai rai, bai kama suna ba, amma duk masallaci aka juyo ana kallon Bappa. Shi da liman suka daina magana har azumi ya zo ya wuce. Bappa bai canja masallaci ba. Daidai bayan liman yake tsayawa, kuma amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙara. Rannan sai ya zaro wani kati daga ƙasan gwangwani ya nufi zauren liman. Maigidana ya bi shi don tsoron abin da zai faru, shi ya ba ni labari. Katin layi ne da launi kawai, ba mutum ba dabba.

Bappa ya ce, "Alaramma, duba nan. Na ƙarshensu ke nan. Sun yi tafiyar shekaru aru-aru, sun iso inda magininmu mai zayyanar soro da mai ɗinkin hula suka fara."

Liman ya juya katin sama, ya juya ƙasa, ya ce, "Ashe sun tuba."

"Sun kusa."

"Kai fa?"

"Ni ina bayansu kaɗan."

Bappa bai daina zana zaki ba, liman bai daina yi masa nasiha ba, amma furarsu ta koma ƙwarya ɗaya. Zayyanar da ke gaban masallacinmu shi ya yi ta. Ni ba malama ba ce, Allah shi ya san daidai, ya yafe masa kurakuransa. Abin da na sani shi ne, a wajen sallar gawa, in ji maigidana, muryar liman ta karye a kabbara ta biyu.

Yanzu zan faɗi abin da ya yi mini, ko da yake da nauyi a bakina.

Ina da 'yar fari. Ba na kama sunanta, ba na jan ta a jiki gaban mutane, in ta faɗi sai in kau da kai in bar Goggo ta ɗaga ta. Haka aka rene mu. A wajen Bappa kuwa amaryarsa ce, irin wasan jika da kaka. Kullum sai ya ce, "Amarya, yaushe za ki tare?" Ta ce, "Sai ka sayi mota. Ba na auren mai keke, tsoho mai warin kananzir."

Da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta aka sa ta. Aji cike maƙil, ita doguwa ce, aka zaunar da ita can baya. Ba a daɗe ba malaminsu ya aiko: yarinya ba ta kwafar abin da ke allo, in an tambaye ta sai ta yi zuru. A gida ma ga tuntuɓe da turmi, ga wuce baƙi ba gaisuwa sai sun yi magana. Goggo ta ce iska ce, aka yi turare, aka sha rubutu. Ba abin da ya canja. Wata safiya maigidana yana ɗaura agogo zai tafi kamfanin auduga ya ce, "In zangon nan ya ƙare haka, ta zauna gida ta taya ki aiki. Ba kowane kai ne na boko ba."

Maganar da aka faɗa a kaina ke nan, ina aji uku a ƙauyenmu, ranar da aka karɓe mini allon sileti aka miƙo mini tsintsiya. Na so in ce wani abu, amma wace uwa ce ke buɗe baki ta roƙa wa 'yar fari? Sai a ce ba ta da ta ido. Abinci ya daina wuce mini, na ƙona miya har Goggo ta fara kallona.

Abin da ya fi tayar mini da hankali zanenta ne. Takan tsinci takardar buhun siminti, lokacin ana ta gine-gine ko'ina, ta kwanta rub da ciki, hancinta kamar zai taɓa takardar, ta yi ta goga guntayen fensir mai launi da Bappa ya ba ta. Na tattaro su na duba. Itace dunƙulen kore ne kawai. Mutane kuwa ba ido, ba baki, ba hanci. Na ce wayyo ni, wane irin kai ne ke ganin mutane ba fuska? Ba zan iya zuwa gaban Bappa ba, ba zan iya aika Goggo ba. Sai na ninke takardun na sa a ƙarƙashin faifan da na rufe masa abincin rana.

Ina madafa ina jiran abin da zai biyo baya. Sai na ji ihu.

"Randa! Randa, kin ga abin da na gani? Mai haske! A gidana! Turawa sai da suka yi furfura kafin su iso nan, amaryata ta iso tana famfara!"

Ranar ko abincin bai ci ba. Ya cusa takardun a aljihu ya hau keke sai Bolari, ya nuna wa direbobi, ya nuna wa masu faci, har mai shayi. Da yamma ya tare maigidana a zaure. "Kai, wannan kake cewa ba ta da kai? Gwana ce!"

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "Bappa, Allah ya ba ka haƙuri, allo aka ce ta kwafa, ba itace ba."

"Allon banza! Wa ya taɓa yin suna da kwafar allo?"

Ni kuwa na zauna na rafka tagumi. Magani na je nema aka ba ni kirari. Ga zango yana ta ƙarewa.

Amma Bappa yana da wata ƙa'ida da ba ya ɗaga wa kowa, ko ɗalibansa na kwaleji sun shaida a zaman makoki. Yakan ce ba mai karya awo sai wanda ya iya awo. Kuma ba a aji yake koyar da shi ba, a layin dogo yake koyarwa, inda ƙarafa biyu ke tafiya har su haɗe a nesa. Don haka wata Asabar da safe ya ɗora amaryarsa a bayan keke suka nufi wajen tashar jirgi.

Ba su daɗe ba suka dawo. Tura keken yake, ita tana kan sirdi. Bai yi sallamarsa mai ƙara ba. Ya zauna a tabarma ya cire hula ya ajiye. Na ajiye muciya.

Ya ce, "Ke randa, yau angon amarya ya sha kunya. Na tsayar da ita a kan layi na ce, duba can, ƙarafan nan biyu me suka yi? Ta ce ba su yi komai ba. Na ce ba ki ga sun haɗe ba? Ta ce a ina? Na ce can wajen kukar nan. Ta ce wace kuka? Randa, kuka ce da giwa za ta ɓuya a bayanta. Sai na ce ta tsaya, na riƙa ja da baya ina cewa, wa kike gani? Ban yi nisa ba ta ce, Bappa, ka zama zanen da aka shanya."

Sannan ya ce, "Ba salo ba ne, randa. Abin da take gani shi take zanawa, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Yarinyar nan cikin masu gaskiya take, ni na yi mata ƙazafi." Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Goggo ta fito da ruwa tana salati. Da ya samu numfashi ya ce, "Ki gaya wa uwar amarya ta ci abinci. Kan yarinya lafiya lau. Ido ne, ido kuwa yana da magani."

Na juya wa ƙofa baya. Goggo ta leƙo ta ce me ya same ni, na ce itacen ɗanye ne, hayaƙi ya yi yawa.

Ba a rasa gardama ba. Goggo ta ce, "Yarinya mace da gilashi kamar akawun kotu? Wa zai aure ta?"

Bappa ya ce, "Ni mana. Ina raye za a yi mini ƙwace?"

Maigidana dai ya ce a gwada a gani. Mai Shuɗin Zaki ne ya ɗauke su, ita da Bappa, zuwa asibitin ido na Kano, a gidan gaba, ita a tsakiya. Na tsaya a bayan ƙyauren zaure ina jin ƙarar motar har ta ɓace. Kwanakin da suka yi can ban san ɗanɗanon komai ba. Ina ta saƙe-saƙe: in likita ya ce ba ido ba ne fa? In motar ta kife fa?

Suka dawo wata rana bayan azahar. Ta shigo da tabarau mai baƙin firam, ya yi mata girma, an ɗaure shi da zare ta ƙeya. Ta tsaya cak a gindin darbejiyar da aka haife ta a inuwarta, ta ɗaga kai. Ta ce, "Goggo! Goggo, ashe ganye ɗaiɗai ne!" Ta ruga ta duba kaji, ta duba bango, ta duba tururuwa tana tsaye ba ta durƙusa ba. Sannan ta juyo ta ƙare wa Bappa kallo ta ce, "Tun a Kano na gaya maka, na fasa auren. Ashe haka ka tsufa?"

Ya dafe kai ya ce, "Kash! Da hannuna na kashe aurena."

Daga ranar ba a sake maganar cire ta daga makaranta ba. Malamin da ya aiko da ƙara shi ya zo da kansa ya ce yanzu sai ya roƙe ta ta bar wa sauran yara amsa. Ubanta kuwa ya sayo mata jaka.

To amma ranar da suka dawo ɗin nan, abin bai ƙare a nan ba. Ana cikin murna sai na ji Bappa ya gyara murya.

"Ke randa, akwai wata magana. Na daɗe ina lura da wata mai gaishe ni tana fuskantar turmi. Kwanaki ma babbar rigata aka shanya a igiya, ina ɗaki na ji an durƙusa ana yi mata ina kwana." Goggo ta tuntsire da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Ya ce, "Amarya, kai wa uwarki gilashin ta ɗana."

Yarinyar ta taho har bakin madafa. Ban taɓa tsayawa da ita ido da ido gaban manya ba. Na ce ta ajiye ta tafi, ta ƙi. Ta kwance zaren, ta yi ɗage, ta maƙala mini shi da hannunta. Ya kamata in sunkuyar da kai. Ban sunkuyar ba.

Tsakar gidan da nake sharewa tun ina amarya ta taso mini gaba ɗaya, kowane abu da bakinsa. A can ƙarshe, kan tabarma, ga wani ɗan tsoho. Ashe ba dogo ba ne, hularsa ce doguwa. Yana da giɓi a haƙoran gaba, girarsa fara fat, ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ga fenti a kunne. Dariya yake, hawaye na bin gemunsa. Na haifi 'ya a gidansa har ta shiga makaranta, sai ranar na ga fuskarsa.

Bai kalli randa ba. Ni ya kalla. Ya ce, "'Yata, sannu da zuwa."

Abin da ke yawo a kaina shi ne allon aji uku, da tsintsiyar nan. Ashe ba kaina ba ne. Shi kuwa da ya ga abin zai yi nauyi sai ya shafa fuska ya ce, "Shi ke nan, asirina ya tonu. Da ina zamana lafiya cikin masu haske, yau na faɗa hannun masu gaskiya har biyu."

Bai bar maigidana ya huta ba sai da aka kai ni aka auna nawa idon. Bayan haka shi ya sa aka rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa. Goggo ta ce gidan ya zama ofishin En'e, kowa da gilashi. Wannan rubutun da kuke karantawa, da karkatattun layukansa, daga can ya fito. Bappa ya taɓa ganin littafina na aji a hannun yarinyar, ya ce wa randa, "Masu fasa ƙwarya ne, amma za su gyaru."

Gwangwanin biskit yana hannun amaryarsa yanzu, shi ya ce a ba ta. Randa tana inda take, ba wanda ya matsar da ita. Ni kuma halina bai bar ni ba. Tun da na haifi wannan na goye nake leƙa idonsa, in kaɗa masa yatsa, in ce ko shi ma ya gado mu. Ban faɗa wa kowa ba.

Jiya bayan la'asar na zaunar da shi a tabarmar gindin darbejiya na shiga madafa. Da na waiwayo sai na ga yayarsa ta zaro katin nan na kogi da kwalekwale ta riƙe masa, tana ja da baya, tana ja da baya, har ta dangana da bangon zaure. Ta karkata katin dama, ya bi shi da ido. Ta karkata hagu, ya bi, yana miƙa hannu yana dariya. Ta mayar da katin cikin gwangwani ta rufe, ta tura tabarau da yatsa, ta juya ta ce, "Ke randa, ki gaya wa mai girkin yau ta ci abinci. Idon wannan lafiya lau."

Allah ya jiƙan Bappa, ya yafe masa, ya ba Goggo haƙurin rashinsa. Yadda ya zama sanadin haske a idanunmu, Allah ya kai haske kabarinsa. Amin.